Fich zai yi a Zariya? Amsa ga mai ƙwallayen da suka ƙi tsirowa

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina da tambaya akan wannan ɗan itacen da ake kira fich, mai gashi-gashi a bayansa. Na fara shansa ne a Madina lokacin da naje Umara, ya min daɗi sosai, da na dawo na sake ganinsa a wani babban kanti a Abuja da tsadar tsiya na saya, amma sam ba daɗi, kamar mutum yana tauna soso. Duk da haka na ajiye ƙwallayen na shuka guda biyar a bayan gida nan Zariya, yau wata huɗu kenan ko ɗaya bai fito ba. Shin irin ne ba kyau ko ƙasarmu ce bata karɓarsa? In kuma akwai irin da zai yi a nan, wanne ne? Na gode."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka in an duba uku ce a haɗe: me yasa na kanti ba daɗi, me yasa ƙwallon ya ƙi fitowa, sannan wane iri ne zai iya rayuwa a wajenmu har ya yi 'ya'ya. Kuma biyu na ƙarshen duk amsarsu ɗaya ce, sanyi. Yawancin mutane in suka ji ance itacen ƙasar Turawa ne sai su ɗauka zafin ranarmu ne zai kashe shi, alhali fich yana jure zafi sosai, a Masar ana nomansa a gonakin da aka kafa cikin hamada kuma a can ma rana tana dukan mutum yadda ya kamata. Abin da baya yafewa shine a hana shi sanyin da yake barci a cikinsa. Bari in bi da kai a hankali.

Asalin itacen nan ƙasar Sin ne, can aka fara nomansa shekaru dubbai da suka wuce, daga nan ya bi hanyoyin fatake ya shiga Farisa, daga Farisa ya shiga hannun Girkawa da Rumawa, Sifaniyawa kuma suka kai shi nahiyar Amurka. Har gobe Sin ce ke noma fiye da rabin fich ɗin duniya, sai irinsu Sifen, Italiya, Turkiyya, Girka da Amurka. A Afirka kuwa masu nomansa da gaske sune Masar, Tunisiya, Aljeriya, Maroko da Afirka ta Kudu, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tsaunukan Habasha da Kenya da Zimbabuwe. Ka lura da jerin nan da kyau, ko dai ƙasar tana can ƙarshen arewa, ko ƙarshen kudu, ko kuma akan tsauni take. Shi fich dangin almon ne da afirkot da ceri, duk gidansu ɗaya kuma duk halinsu ɗaya wajen son sanyi.

Barcin sanyi

In kaka ta wuce a ƙasashen da ake nomansa, bishiyar takan zubar da ganyenta kaf ta tsaya kamar ta bushe. Idanuwan da zasu zama fure da ganye a shekara mai zuwa suna nan a jikin reshe amma a kulle, kuma basa buɗewa sai sun tara wani adadi na awannin sanyi. Yadda aka saba lissafawa shine awannin da ma'aunin zafi ya sauka tsakanin digiri 0 zuwa 7. Kowane iri da nasa adadin. Irin da suka yi suna a Amurka kamar Elberta da Redhaven suna neman awa 800 zuwa sama, wasu har 1,000. In bishiya bata samu nata ba, abin da zaka gani shine ganye ya fito tsilli-tsilli a ƙarshen reshe kawai, tsakiyar reshen tsirara, fure ya fito yau ɗaya gobe biyu har tsawon watanni, yawanci ya kakkaɓe, kuma duk shekara bishiyar tana ƙara ramewa har ta mutu ba tare da ka ga wata cuta a jikinta ba.

Toh yanzu ka auna da Zariya. Eh hunturu yana kaɗawa, a Disamba da Janairu da asuba mutum har haƙoransa na haɗuwa, amma in ka ɗauko ma'auni yawancin darare zaka ga digiri 12 zuwa 15 ne, sauka ƙasa da 10 sai jefi-jefi kuma na 'yan awanni kafin fitowar rana. Sannan ga wani abu da mutane basu sani ba, zafin rana yana goge sanyin da bishiya ta tara da dare. In dare ya bada sanyi sannan azahar ta kai digiri 30, kusan an koma gidan jiya. Wannan shine ainihin matsalar Zariya da Kano da Katsina da Maraɗi, sanyinmu na asuba ne kawai, baya wuni.

Dalilin da ƙwallayenka suka ƙi fitowa

Ɗan da ke cikin ƙwallon shima yana da irin wannan barcin. A ƙasarsu yana faɗuwa ƙasa ne da rani, ya kwana cikin danshi da sanyi duk tsawon hunturu, sai bazararsu ta zo ya tsiro. Kai kuma ka ɗauke shi ka binne a ƙasa mai ɗumi, a wajensa lokaci bai yi ba, ko ya zauna haka ko ya ruɓe ko gara ta cinye. Ka tona ka duba, in ka fasa ka ga cikin ya yi baƙi ko ya zama ruwa toh shikenan.

In kana son sake gwadawa, ka wanke ƙwallon tas ka barshi ya sha iska kwana biyu uku a inuwa, ka fasa ɓawon mai tauri a hankali da filaya ko ƙaramar guduma ta gefe don kar ka ji wa na cikin ciwo, zaka ga ɗa mai kama da almon. Ka jiƙa shi ya kwana, ka naɗe a tsumma ko tishu mai danshi ba mai ɗigar ruwa ba, ka sa a leda ka ajiye a firij ɓangaren kayan miya, banda firiza. Wata biyu zuwa uku. Kana dubawa duk sati, wanda ya yi fumfuna ka cire, wanda ya fito da farar saiwa ka dasa a leda. Nasan matsalar wutar lantarki, in firij ɗinka na kwana biyu ba wuta abin ba zai tafi daidai ba, sai dai ka roƙi mai sola ya ajiye maka. Kuma dan Allah kar yara su ci ɗan cikin nan don ya yi kama da almon, yana da ɗaci kuma akwai sinadarin da ke juyewa ya zama guba a ciki in an ci da yawa.

Akwai kuma dalili na biyu da zai iya sa ko firij ɗin bai yi aiki ba. Irin da suke nuna da wuri, waɗanda daga fure zuwa girbi basu wuce kwana 80 zuwa 90 ba, naman yana nuna ne tun ɗan cikin bai ƙosa ba. In ka fasa zaka ganshi a shanye, siriri. Masu ƙirƙiro sabon iri ma sai sun raine shi a ɗakin gwaje-gwaje cikin kwalba yake tsira. Yawancin fich ɗin da ke fara shigowa kasuwa a farkon kaka irin wannan ne.

Amma ni a ganina, ko da ya tsiro maka, ka yi murna kaɗan ne. Baka san sunan irin da ka saya a kanti ba, kuma mafi yawan abin da ake fitarwa daga Sifen ko Afirka ta Kudu na wuraren da suke da sanyi ne sosai. Zaka yi shekara uku huɗu kana ban ruwa kana jiran abin da ba zai zo ba.

Ire-irensa

Tunda ka tambayi iri, gara ka san yadda ake rarraba su don in kaje saye ka san me kake nema. Na farko ta ƙwallo: akwai wanda in ka tsaga ka murɗa ƙwallon ke fita salin-alin, akwai wanda naman ke manne da ƙwallo kamar na mangwaro sai ka bi da haƙori. Na biyu ta nama: akwai mai narkewa a baki mai ruwa, wannan shine na sha, kuma ina zargin shi ka samu a Madina, akwai mai tauri da baya narkewa ko ya nuna, shi ake yankawa a sa a gwangwani da ruwan sukari. Wanda ya fi suna a wannan ɓangaren a nahiyarmu shine Kakamas na Afirka ta Kudu, sunan garin da aka samo shi ne a bakin kogin Orange, kuma shi ya ɗaga masana'antar gwangwaninsu. Na uku ta launi: mai ɗorawan ciki yana da ɗan tsami-tsami tare da zaƙi, mai farin ciki yawanci tsaminsa kaɗan ne sai zaƙi da ƙamshi, shi mutanen Sin da Japan suka fi so. Akwai ma mai jan ciki jawur da Faransawa ke shukawa a gonakin inabi.

Wanda ake kira nektarin, mai santsin baya ba gashi, mutane da yawa sun ɗauka an haɗa fich da wani abu ne. A'a, fich ne dai, ƙwayar halitta ɗaya ce ta bambanta su, har takan faru reshe ɗaya a bishiyar fich ya haifi nektarin. Sai kuma mai faɗi kamar an danne shi, wanda zaka gani da yawa a kasuwannin Saudiyya da Dubai da rani, asalinsa shima Sin ne, Sifen ce ta cika Turai da shi a shekarun nan. Ni dai a wajen sha shi na fi so, ƙwallonsa ƙarami ne kuma da wuya ka samu mara zaƙi.

Tsofaffin irin da suka yi suna kuwa, Elberta wani manomi ne Samuel Rumph ya fitar da shi a jihar Jojiya ta Amurka a shekarun 1870, ya sa masa sunan matarsa. Redhaven kuma ya fito ne a 1940 daga Mishigan ta hannun Stanley Johnston, kuma har yau da shi ake auna lokacin nunar sauran. Na kawo su ne don in ce maka ka guje su. In ka ga mai sayar da dashe a intanet yana tallar ɗayansu yana cewa zai yi a ko'ina a Najeriya, ka riƙe kuɗinka.

Waɗanda suka shafe mu sune masu ƙaramar buƙatar sanyi. Jami'ar Fulorida ta fara aikin ƙirƙiro su tun farkon shekarun 1950 ta hannun Ralph Sharpe, daga baya Wayne Sherman ya ɗora, saboda suma can sanyinsu kaɗan ne. Daga nan aka samu Flordaprince da TropicBeauty masu neman kusan awa 150, Flordaglo mai farin ciki shima wajen 150, TropicSnow mai farin ciki wajen 200, sai na baya-bayan nan UFSun da UFBest masu neman kusan 100. Flordaprince ɗin nan shi ya bazu a Masar har ya zama fich ɗin farkon kakarsu da ke fitowa tun Afrilu, tare da EarliGrande da Desert Red, banda nasu na gida Mit Gamr. A Indiya mutanen Punjab suna noma Shan-e-Punjab da Sharbati a fili ba akan dutse ba. Birazil ma tana da nata da yawa. 'Ya'yan waɗannan basu kai na ƙasashen sanyi girma ba, gaskiya kenan, amma wanda ya nuna a bishiya aka tsinko maka ya fi na kanti nesa ba kusa ba.

A ina zai yi a wajenmu

Wuraren da nake da ƙwarin gwiwa a kansu biyu ne, tsaunin Jos da tsaunin Mambila. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, Mambila wajen Gembu ta ma fi haka, kuma abin da ya taimake su ba wai dare yana kaiwa digiri 7 kullum ba ne, a'a ranarsu ce bata zafi sosai, don haka ɗan sanyin da aka tara baya gogewa. Masu ƙaramar buƙatar nan kuma suna amfana da sanyin da ya ɗan haura 7 ɗin. A aikin da na yi da masu lambu a yankin Filato na ga bishiyoyin fich suna fure a ƙarshen hunturu suna kuma riƙe 'ya'ya, duk da dai ba kowace shekara ake samu daidai ba, shekarar da sanyi ya yi ƙarfi fure ya fito lokaci ɗaya gwanin sha'awa, shekarar da bai yi ba sai a hankali. Waɗanda na gani a ƙasa-ƙasa wajen masu sha'awa kuwa, yawanci ganye ne kawai.

Akwai dabarar da manoman ƙasashe masu zafi ke yi, kamar a Kolonia Tobar ta Benezuwela inda fich ya zama abin da aka san garin da shi. Basa barin bishiyar ta shiga barci mai nauyi. Bayan girbi da 'yan makonni, in idanuwan sun ƙosa, sai a janye ruwa, a zage ganyen gaba ɗaya da hannu ko da feshi, a yi aski wato a datse rassa, sannan a dawo da ruwa da taki, sai ta farka ta yi fure. Masu noman tuffa a tsaunukan Indonesiya ma haka suke yi. A Zariya in zaka gwada, wannan ce hanyarka: ka rage ruwa a Nuwamba, ka zage ganye a Disamba lokacin da hunturu ya kankama, ka dawo da ruwa wajen ƙarshen Janairu. Haɗarin shine furen zai haɗu da zafin Maris, kuma zafi mai yawa lokacin fure yana sa shi kakkaɓewa. Akwai wani maganin feshi mai suna Dormex da manyan gonaki ke tada bishiya da shi, ban baka shawararsa ba a bayan gida inda yara da awaki suke, guba ne mai ƙarfi, Tarayyar Turai ma ta hana amfani da shi.

In ka samu dashen

Ka nemi ɗan aure, wato wanda aka haɗa reshen wani iri akan gindin wani, wanda aka san sunan kansa da sunan gindinsa. Gindin yana da muhimmanci ƙwarai saboda tsutsar nan da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli tana son fich fiye da tunaninka, kuma ƙasarmu ta jigawa cike take da ita. Gindin Okinawa ko Flordaguard suna jure mata kuma basa neman sanyi da yawa. Kar ka dasa a inda aka daɗe ana tumatir. Kar ka dasa a fadama ko inda ruwa ke kwanciya da damina, kwana biyu uku saiwarsa ta zauna cikin ruwa ya tafi, gara ka tara ƙasa ka yi masa tudu. Baya buƙatar namiji da mace, bishiya ɗaya tana haihuwa ita kaɗai, kuma ɗan aure yakan fara a shekara ta biyu ko ta uku. Bishiya ce mara tsawon rai, shekara 12 zuwa 15 an gode, ba irin mangwaron da jika zai gada ba ce.

Abu biyu ne na ga suna yi wa masu lambunmu wuya a rai. Na ɗaya aski. Fich yana haihuwa ne akan reshen da ya fito bara kawai, don haka duk shekara sai an datse da yawa, a buɗe tsakiyar bishiyar a bar manyan rassa uku ko huɗu su baje, rana ta shiga. Na biyu rage 'ya'ya. In ta ɗauka da yawa dole ka cire mafi yawansu tun suna ƙanana, ka bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin kowane biyu. Mai lambu zai kalle ka yace haba Malam, arzikin da Allah ya bani zan zubar da hannuna? In ka tafi ya barsu, ƙarshe ya samu 'ya'ya kamar goro ba nama, reshe kuma ya karye.

Sai ƙudan nan da ke sa tsutsa a mangwaro da gwaiba, wanda ya addabi Afirka ta Yamma tun shekarun 2000. Fatar fich laushi gareta, yana hudawa cikin sauƙi. A bishiya ɗaya ko biyu maganin da ya fi shine ka ɗaure kowane ɗa a jakar takarda ko yankin gidan sauro tun yana ɗanye, ka riƙa kwashe waɗanda suka faɗi kana binnewa da zurfi. In damina ta riski 'ya'yan a bishiya kuma ruɓa zata shigo, shi yasa mai nuna da wuri ya fi dacewa damu. In zaka shigo da dashe ko reshen aure daga waje, ka bi ta hukumar killace kayan gona ka karɓi izini, akwai cutar bairos mai suna sharka da ke bin reshen aure kuma bata da magani sai sare bishiya.

Na kanti kuma

Fich baya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, laushi kawai yake yi. Wanda za a ɗauko daga Kef Tawun ko Sifen zuwa Abuja dole a cire shi da ɗan tauri, iya sukarin da ya tara a ranar shine zaka sha. Sannan in ya daɗe a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda shine sanyin yawancin firij ɗin kanti, cikinsa yana lalacewa ya bushe ya zama gari-gari ko da bayansa na sheƙi. Wannan ne sosonka. In zaka sake saye ka shinshina wajen hancin, in ba ƙamshi ka ajiye. Kar jan bayan ya ruɗe ka, ka duba launin da ke ƙarƙashin jan, in da sauran kore an cire shi da wuri. In ka kawo gida da tauri ka barshi akan tebur kwana biyu ya yi laushi kafin ya ga firij. Na Afirka ta Kudu lokacinsa daga Nuwamba ne zuwa wajen Maris, na Masar da Turai daga Afrilu zuwa Satumba.

Ban ga filinka ba, kuma unguwa da unguwa ma sanyi yana bambanta, don haka kafin ka kashe kuɗi ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙarancin na dare, ka rataye a bayan gidan daga Disamba zuwa Fabrairu kana rubutawa. In don sha'awa ne, ka nemi UFSun ko Flordaprince ko TropicBeauty guda biyu ka dasa a inda gini ke tare masa ranar yamma ka gwada zage ganyen. In kuma gona kake tunani ta kasuwa a Zariya, ni ba zan sa kuɗina ba, inabi da gwaiba da rumman sun fi shi tabbas a wajenku. Mai fili a Jos ko Mambila ne zan ce ya fara da bishiya goma zuwa ashirin na iri biyu uku, ya ga wanne ya karɓi wajen kafin ya faɗaɗa. Allah ya sa albarka.